Asalin "Macin Turkawa" na Mozart, da abin da tarihinsa ke faɗa wa mai kaɗa shi

"Malam, barka da aiki. Na kusa shekara biyu ina koyon fiyano a kibod mai madanni 61. Akwai kiɗan nan na Mozart da ake ce wa Macin Turkawa, wanda nake ji a wayoyin mutane tun ina yaro. Da na nemi takardarsa sai na ga an rubuta Sonata ta 11, K. 331, kuma shafukan farko ba su yi kama da kiɗan da na sani ba ko kaɗan. Shin abu ɗaya ne, ko haɗa su aka yi? Mene ne haɗin Mozart da Turkawa? Sannan wane sauri ya dace da shi? Kowa a YouTube gudu yake yi, ni kuwa da na gwada sai hannuna ya ƙage."

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko takardar da ka samu ita ce daidai, daga ina Turkawa suka shigo, da kuma yadda za ka kaɗa shi hannunka bai ƙage ba. Takardarka daidai take. Abin da ka sani kashi na uku ne, na ƙarshe, a cikin sonata (dogon kiɗa da aka kasa kashi-kashi) mai kashi uku, kuma bai wuce minti uku da rabi ba a cikin aikin da kan ɗauki minti ashirin da 'yan kai idan an bi duk maimaicin da aka rubuta. Sauran tambayoyin biyu kuwa a haɗe suke, domin idan ka san wa aka rubuta wa kiɗan, da irin fiyanon da aka rubuta shi a kai, da abin da yake kwaikwayo, batun sauri zai warware da kansa.

Yaushe aka rubuta shi, kuma don wa

An haifi Wolfgang Amadeus Mozart a Salzburg a 1756, ya rasu a Vienna a 1791, biranen biyu duka a ƙasar Ostiriya ta yau. A 1781 ya rabu da ubangidansa, Babban Bishop Colloredo na Salzburg, rabuwar da ba ta yi daɗi ba, ya zauna a Vienna ba shi da albashin kowa. Daga nan abincinsa ya koma kan abu uku: koyar da fiyano a gidajen masu hali, shirya wasannin da mutane ke biyan kuɗin shiga tun kafin ranar, da sayar wa masu ɗab'i rubutattun kiɗa. A watan Agustan 1782 ya auri Constanze Weber, nauyi ya ƙaru.

Wannan ya shafi sonatarka kai tsaye. A zamanin, wanda yake son ya nuna bajintarsa a gaban taro konceto yake rubutawa, fiyano tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Sonata kayan cikin gida ce. Masu sayenta ɗalibai ne da masu sha'awa, yawancinsu matan manyan gidaje da 'ya'yansu, waɗanda za su kaɗa ta a falo gaban 'yan baƙi. Dole ta yi daɗi a kunne tun daga jin farko, dole kuma hannun da bai ƙware can-can ba ya iya ɗaukarta. Kamfanin Artaria na Vienna ya buga ta a 1784 tare da 'yan'uwanta biyu, K. 330 da K. 332, a kundi guda.

Idan ka ci karo da tsohon littafi ya ce a Paris aka rubuta ta a 1778, kada ka yi mamaki, haka aka daɗe ana ɗauka. Harafin K ɗin nan sunan Ludwig von Köchel ne, wanda ya jera ayyukan Mozart a 1862 bisa tsarin shekarun da yake zaton an rubuta su, kuma lambar da ya ba sonatar ta ajiye ta kusa da ayyukan ƙarshen shekarun 1770. Shi Mozart bai fara rubuta jerin ayyukansa da kwanan wata ba sai a Fabrairun 1784, wannan sonata kuwa ba ta ciki, don haka babu wata rana da ya bari. Daga baya masana biyu suka rusa zancen Paris. Wolfgang Plath ya bi yadda rubutun hannun Mozart ya riƙa sauyawa da shekaru, ya ga wannan rubutu ya fi na 1778 sabunta. Alan Tyson kuma ya bi ita kanta takardar, wato tambarin masana'anta da ke ɓoye a jikinta wanda sai an ɗaga ta ga haske ake gani, da yadda aka ja mata layuka. Sakamakon ya tsaya a wajajen 1783. Abin da masana ba su yanke ba shi ne gari: ko a Vienna, ko a Salzburg lokacin da ya kai amaryarsa ta gaida mahaifinsa tsakanin ƙarshen Yuli da ƙarshen Oktoban wannan shekara.

Haɗin Vienna da Turkawa

Mozart bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ba. Amma Vienna gari ne da ya san Daular Usmaniyya ta Turkiyya a bakin ƙofarsa, (a lura, ta Istanbul nake nufi, ba ta Sakkwato ba). Sau biyu rundunar daular ta yi wa birnin ƙawanya, a 1529 da kuma 1683. Ta biyun ta ƙare ne a ranar 12 ga Satumban 1683, lokacin da Sarkin Poland, Jan Sobieski, ya iso da dakarun ɗauki suka kori rundunar Kara Mustafa. Ka lura da shekarar: idan 1783 aka rubuta sonatar, to ta faɗo daidai cikar shekara ɗari da wancan yaƙi. Ban ce wannan ne dalilin rubuta ta ba, amma a iskar da garin yake shaƙa ke nan. A tsawon waɗannan shekaru ɗari tsoro ya lafa, abin da dā yake firgita mutane ya zama abin yayi. Aka shiga sha'awar gahawa, da tufafin Turkawa a wuraren rawa, da wasannin kwaikwayo da aka gina a kan fadar sarkin Musulmi na Istanbul.

Kiɗan da ake kwaikwayo shi ne na mehter, makaɗan yaƙin da ke rakiyar dakarun Janisari, zaɓaɓɓun sojojin sarkin Istanbul. Kayansu sun haɗa da babbar ganga mai fuska biyu da ake kira davul, wadda ake dukan gefe ɗaya da gula mai kauri, ɗaya gefen da siririyar tsumagiya, sai ƙananan tambura, da faya-fayan tagulla da ake gwarawa, da ƙahonin ƙarfe, da zurna. Idan kana son ka ji sautin zurna a kunnenka, tuna algaitar fada ranar hawan salla. Dangi ɗaya ne, bututu mai harshe biyu, mai kaifin murya, wanda mabushi ke cika kumatu ya riƙe numfashi ba yankewa. Ka haɗa irinta da yawa da ganguna a fili, ka ga abin da mutanen Vienna suka ji daga saman ganuwa.

Sai dai abin da marubutan kiɗan Turai suka ɗauka ba ainihin kiɗan Turkawa ba ne. Ba su ɗauki tsarin muryoyinsa ba, ba su ɗauki zagayen bugunsa masu tsawo ba. Sun ɗauki hayaniyar ne da wasu 'yan alamomi: babbar ganga, faya-fayai, ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku, sarewa mai tsini, maimaita gajeren kari sau da yawa, da tsalle daga murya mai duhu zuwa mai haske ba tare da shimfiɗa ba. Wannan shi ake nufi da "Alla turca" da ke saman shafinka. Mozart ya riga ya yi amfani da salon a koncetonsa na biyar na gogen Turawa, K. 219, a 1775, sannan ya cika shi a wasan opera ɗinsa (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa) Die Entführung aus dem Serail, wanda aka fara nunawa a Vienna ranar 16 ga Yulin 1782, ya kuma karɓu ƙwarai. Mai ɗab'i da ya ga yadda wannan wasa ya ja jama'a ba zai ƙi sonata mai ƙarewa da macin Turkawa ba. Haydn ya bi wannan yayi a simfoninsa (dogon kiɗa na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa) na 100 a 1794, Beethoven ma ya bi har cikin simfoni na tara a 1824. Ita kuwa rundunar Janisari, Sarki Mahmud na Biyu ya rushe ta a 1826 tare da makaɗanta, ya ɗauko Giuseppe Donizetti daga Italiya ya kafa masa badujala irin ta Turai.

Ginin sonatar

Wannan sonata ta fita daban da 'yan'uwanta. A al'adar zamanin, kashi na farko yakan kasance mai sauri, a gabatar da kari biyu, a cuɗa su, a dawo da su. A nan babu kashi ko ɗaya da ya bi wannan tsari. Kuma duka ukun suna zaune a gidan murya ɗaya, wato A, sai dai a shiga manjo (murya mai haske) a fita maino (murya mai duhu), alhali an saba kashi na tsakiya ya ƙaura wani gida.

Kashi na farko, Andante grazioso, shi ne shafukan da suka ruɗa ka. Kari ne mai gaɓa 18 (gaɓa ita ce yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa) a ma'aunin 6/8, mai lilo a hankali, sai juyi shida a kansa. A juyi na farko hannun dama yana yayyanka karin da ƙananan notoci. A na biyu hannun hagu yana tafiya uku-uku. Na uku ya shiga A maino, kuma a nan ne hannun dama ke fara tafiya da oktaf (nota da takwararta ta takwas a samanta) a haɗe. A na huɗu hannun hagu yana tsallake na dama ya kaɗa sama. Na biyar Adagio ne, a natse, cike da ado, kamar mawaƙiyar opera. Na shida ya sauya ma'auni zuwa 4/4 ya ƙara sauri. Wannan kashi kaɗai ya fi rabin sonatar tsawo, kuma a ganina nan ne Mozart ya zuba ainihin gwanintarsa. Kashi na biyu Menuetto ne, rawar fada mai bugu uku, tsakiyarsa a D manjo, inda hannun hagu ke sake tsallakawa.

Kashi na uku, naka, yana da gaɓa 127 a ma'aunin 2/4. Ya fara da karin A maino da kowa ya sani. A gaɓa ta 25 amshi ya shigo a A manjo, da ƙarfi, hannun dama da oktaf. Sai wani sashe a F shaf maino (F shaf shi ne baƙin madannin da ke bin F) mai notoci masu gudana ba tsayawa, amshi ya dawo, karin farko ya dawo, amshi ya sake dawowa amma yanzu oktaf ɗin a warware, ƙasa-sama ƙasa-sama, sannan rufewa mai tsawo. Ka dubi hannun hagu a amshin. Kafin babbar nota akwai ƙananan notoci uku da ake sharɓewa da sauri. Wannan ita ce gangar. Kuma ba a kowane bugu take faɗowa ba: sau ɗaya a gaɓar farko, sau ɗaya a ta biyu, sau biyu a ta uku, sau ɗaya a ta huɗu. Dum, dum, dum-dum, dum. Takun sojoji ne, notocin da ake maimaitawa a tsakani kuma su ne tsumagiyar da ke kaɗa ɗaya fuskar gangar.

Fiyanon da Mozart ya sani

Nan ne mafi yawan masu koyo suke ɓata. Fiyanon Mozart, wanda Anton Walter ya ƙera a Vienna wajajen 1782, yana nan a Salzburg har yau. Madanni 61 gare shi, oktaf biyar daga F zuwa F. Jikinsa katako ne, babu firam ɗin ƙarfe, tsirkiyoyinsa sirara, gudumominsa ƙanana an lulluɓe su da fata. Mutum biyu ko uku za su ɗauke shi, alhali babban fiyanon dandali na yau mai madanni 88 ya doshi rabin tan. Madannin ba ya nutsewa da zurfi, ba ya kuma buƙatar ƙarfi. Sauti yana fita da kaifi, ya mutu da wuri. A wata wasiƙa da ya rubuta wa mahaifinsa daga Augsburg a Oktoban 1777, abin da Mozart ya yaba a fiyanon Johann Andreas Stein shi ne guduma tana bugawa ta koma nan take, sauti ya fita daidai, ya kuma tsaya da zarar an ɗaga yatsa. A irin waɗannan fiyano babu fedar ƙafa, da gwiwa ake tura wani ɗan katako a ƙarƙashin madannai.

Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne: a wancan fiyano, sharɓen hannun hagu yana fita kamar bugun fata, da ɗan ƙara-ƙara, ya ɓace. A fiyanon yau tsirkiyoyin ƙasa masu kauri ne, sautinsu yana daɗewa, idan ka danne feda sai komai ya cakuɗe ya zama guɗa. Za ka kuma ji ana cewa an rubuta kiɗan ne don fiyano mai fedar Janisari, wadda idan an taka ta take kaɗa ƙararrawa ta doki jikin fiyanon kamar ganga. Irin waɗannan fiyano an yi su a Vienna, amma yayinsu ya zo ne daga wajajen 1810, bayan rasuwar Mozart. Shi da yatsu kaɗai ya rubuta gangarsa.

Sauri, da dalilin ƙagewar hannu

Abin da ke saman shafin Allegretto ne, wanda bai kai Allegro sauri ba. Maci ne, ana takawa da ƙafa. Shawarata ita ce ka sa metronom, na'urar da ke ƙirga bugu a minti, tsakanin 112 da 126 a kowane bugu, bugu biyu a gaɓa. Mozart bai bar lamba ba, domin sai bayan rasuwarsa metronom ya shigo, saboda haka wannan hukuncin malamai ne, kuma za ka samu ƙwararrun da suka haura haka. Amma ga ma'auni mai sauƙi: idan ƙananan notoci ukun nan na hagu ba sa fitowa ɗaya-ɗaya, sun dunƙule sun zama bugu guda, ka yi sauri da yawa. Wani ɓangare na gudun da kake gani a intanet ya samo asali ne daga sababbin juye-juyen da 'yan fiyanon zamani suka yi wa kiɗan don nuna bajinta, ba daga takardar da ke gabanka ba.

Ƙagewar hannu wurare uku take fitowa. Na farko karin buɗewa, B-A-G shaf-A-C. Masu koyo sukan kaɗa shi da yatsu 3-2-1-2, babban yatsa ya hau baƙin madanni, wuyan hannu ya karkace. Gwada 4-3-2-1 sannan 3 a kan C, ka maimaita wannan tsari a D-C-B-C-E. Hannun yana matsawa gaba da kansa ba tare da miƙa ba. Notoci huɗun daidai suke da juna, kuma nauyin yana kan ta biyar, inda gaɓa ta fara, ba kan ta farko ba.

Na biyu sashen F shaf maino. Matsalar a nan ba hannun dama ba ce yawanci, hagu ne ke yin nauyi yana tura dama. Ka kaɗa hagu shi kaɗai, gajere, a hankali, har sai ya daina buƙatar ido. Sannan ka ɗauki dama nota huɗu-huɗu, kana tsayawa a ta farkon kowane rukuni na gaba, kana sakin hannu a wurin tsayawar. Fara daga 60 a metronom, ƙara huɗu-huɗu, kada ka ƙara sai ka yi sau uku a jere ba tuntuɓe.

Na uku, wanda ya fi kowanne kama mutane, oktaf ɗin da aka warware a amshin ƙarshe. Wanda ya buɗe tafin hannu ya sandare shi, yana sara da babban yatsa da ƙaramin yatsa, ba zai kai gaɓa takwas ba sai damtse ya ɗauki zafi. Motsin daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu yake fitowa, juyi kaɗan hagu da dama, yatsun suna kusa da madanni. Ka fara kaɗa su a haɗe don hannu ya san tazarar, sannan ka warware a rabin sauri. Da ka ji zafi ko tsami a damtse, tsaya. Ba a cin wannan da juriya, ciwon jijiya ake samu. Daga rubutu ba zan iya ganin yadda kake zama ko tsayin kujerarka ba, kuma sau da yawa matsalar a can take. Idan akwai wanda ya iya kusa da kai, ko a coci ko a makaranta, ka sa ya tsaya a gefenka ya dubi wuyan hannunka na minti biyar.

Game da feda, taɓa ta kaɗan a kan kowane sharɓe na amshi ka saki nan take, sauran wuraren ka bar ta. Sharɓen kuma ka fara shi gab da bugu, yadda babbar notar hagu za ta faɗo tare da oktaf ɗin dama. Akwai masu fara shi a kan bugun, hakan ma yana da hujja a littattafan zamanin, amma ga mai koyo yana jawo hannu biyu su rabu.

Kibod ɗinka da takardarka

Adadin madanninka daidai yake da na Mozart, amma ba a wuri ɗaya suka fara ba. Naka daga C zuwa C yake, nasa daga F zuwa F, wato ya fi ka zurfi a ƙasa. Duk notar hagu da ta faɗa ƙasa da iyakarka, ɗaga ta oktaf ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kibod ɗin ya kasance yana jin ƙarfin taɓi. Rabin daɗin kashi na uku yana cikin bambancin karin farko mai laushi da amshi mai ƙarfi, idan duk madanni ƙara ɗaya suke bayarwa, wannan ya tafi. Ka kuma rage amon da na'urar ke ƙarawa, busasshen sauti ya fi kusa da na Walter.

Takarda ma tana da labari. Shekaru da yawa shafin ƙarshe kaɗai aka sani na rubutun hannun Mozart, yana ajiye a Salzburg, sauran an dogara ne da bugun Artaria. A 2014 Balázs Mikusi, shugaban sashen kiɗa na babban ɗakin karatu na ƙasar Hangari da ke Budapest a lokacin, yana duba takardun da ba a tantance ba ya ci karo da shafi huɗu na asalin. Sun ƙunshi daga juyi na uku har zuwa farkon tsakiyar Menuetto, kuma sun nuna cewa bugun farko ya yi kurakurai a wasu notoci da tsawon wasu, musamman a juyi na biyar da Menuetto. Kamfanonin Henle da Bärenreiter sun fitar da gyararren bugu bayan haka. Kashi na uku ba ya cikin waɗannan shafuka huɗu, don haka takardar kyauta da ka sauko da ita za ta yi maka aiki a macin. Sai dai ka yi hattara da tsofaffin bugu na ƙarni na 19, waɗanda editoci suka cika da alamun feda da dogayen layukan haɗi da ba na Mozart ba.

Da shekara biyu a hannu, ga tsarin da zan ba ka: fara da karin kashi na farko, gaɓa 18 ɗin nan, domin zai koya maka riƙe sauti mai laushi da sarrafa murya biyu a hannu ɗaya. Daga nan ka shiga macin, sashen A maino da amshi kawai, na wasu makonni. Sashen F shaf maino da oktaf ɗin da aka warware su biyo baya, juyi na uku da na biyar kuwa ka ajiye su sai ka samu gyararren bugun.